Ranar da Aka Naɗa Ni Amir a Gindin Dutse

Shekarun baya, lokacin ina aikin jan wayar lantarki a gine-ginen Makka, an taɓa naɗa ni shugaba. Karo na farko ke nan a rayuwata. Mulkin bai kai awa huɗu ba, talakawana kuma mutum uku ne, amma saura ƙiris in hallaka su duka, har da ni kaina. Abin da ya tuno mini da labarin, wani bidiyo ne da aka turo zaurenmu na waya shekaranjiya, na wasu masu hawan dutse a ƙasar sanyi da ƙanƙara ta zaftaro musu daga sama. Mutane sai zaginsu suke yi, wai ta yaya manya da hankalinsu za su ga alamar haɗari su ci gaba da tafiya a jere. Ni dai ban taya su zagin ba, don na san yadda ake yi.

A unguwar Mansur nake zaune a lokacin, ɗaki ɗaya da abokina, mutumin Maraɗi. Bai fi wata bakwai da zuwa ba, aikinsa kuma fasa dutse, yana cikin masu yanke tsauni don a samu filin kafa otal. Mutum ne da in ya yi magana sau biyar a yini, to ranar surutu yake ji. Sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne, ya haura shekara talatin a garin. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da yi masa tawaye, ko matakala uku zai hau sai ya dafa bango ya yi salati. Ranar da zan baro Kano, mahaifiyata ba ta ce in kula da kaina ba. Cewa ta yi, "Ka kula mini da kawunka, shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu." Kuma duk ranar da muka yi waya, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Ina ƙanina?"

Na huɗunmu shi ne mai mota. Haifaffen Makka ne, yana da shagon turare a Rusaifa, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa in ta yi taku uku, a na huɗu sai ta zame ta faɗa Larabci. Muna tsokanarsa da ɗan hutu, wanda bai san rana ba sai ta gilashin mota, kuma abin yana yi masa ciwo fiye da yadda yake nunawa. Wata tsohuwar a-kori-kura gare shi, irin wadda suke kira wanet.

Ni na kawo maganar fita. Na taɓa ganin wani kwari a gindin duwatsun hanyar Ɗa'ifa, ranar da motar kamfani ta bi da mu ta wajen, na yi sati uku ina ba su labarinsa har suka gaji. Lokacin sanyi ne, an yi ruwa ranar Laraba, gari ya yi luf. Ranar Juma'a muna idar da salla muka loda cinyar rago, shinkafa, ƙaramin rishon gas, darduma, dabino da butar gahwa. Na ƙara da ƙullin yajin da aka aiko mini daga gida. Ban ma cire hular zannata ta Juma'a ba.

Mun wuce Muzdalifa, fili fetal babu kowa, kamar ba nan ne ake rasa wurin shimfiɗa kwali a lokacin hajji ba. A nan kawu ya gyara murya.

"Ku tsaya. Sunna ce in mutane sun fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Wa muka naɗa?"

Duk muka ce ai shi ne babba. Ya ce shi tsufa ya sauke shi daga kowace kujera sai ta keken ɗinki. Ya nuna ni da carbinsa. "Ga wanda ya san wurin. Daga yanzu shi ne Amir." Sannan ya yi mana huɗuba mai tsawo a kan biyayya, tun daga nan har muka wuce Arfa: in Amir ya ce a zauna a zauna, in ya ce a tashi a tashi, ba a yi masa gardama, ba a kunyata shi a gaban jama'a. Ina zaune ina gyaɗa kai, ina jin kaina yana ƙara girma a cikin hular. Mutumin da ya goya ni ina majina, yau shi ke cewa a yi mini biyayya. Gaskiya na ji daɗi.

Da muka isa, muka tarar da wasu Larabawa iyali guda sun yi zango a sama, gefen titi, a kan tsakuwa, cikin rana. Na yi musu dariya, na ce mutane da ƙasarsu amma ba su san inda daɗi yake ba. Na sa mai mota ya gangara, muka bi cikin kwarin, a kan yashi, tafiyar kusan minti goma. Wurin kuwa ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Yashi fari tas mai laushi, wata bishiyar ƙaya mai kama da bagaruwa ta yi inuwa, dutse ya miƙe ta dama, wani ya miƙe ta hagu, mu a tsakiya kamar a cikin kwano. Hanyar fita ɗaya ce, wadda muka shigo ta ita.

Mai mota ya ɗora kabsa, wato shinkafarsu da ake dafawa a cikin romon nama. Ƙamshi ya tashi. Muna cin dabino muna kurɓar gahwa, muna tara ƙwallayen a faranti. Na jingina da bishiya, na ɗaga kai don in yi miƙar sarauta, sai idona ya sauka a kan wani abu. A cikin rassan, sama da tsawona da kusan kamu biyu, ga busasshiyar ciyawa da ƙirare da wata tsohuwar leda sun nannaɗe, duk sun kwanta ta fuska ɗaya. Ba tsuntsu ne ya kai su can ba. Ni ɗan gefen kogi ne ta wajen kakata, na san aikin ruwa in na gan shi. Na kalli can saman kwarin, inda duwatsun suka haɗe da sama. Wurin ya yi baƙi ƙirin, mu kuma nan rana ce tarwai a kanmu.

Tunanin da ya fara zuwar mini shi ne gwiwar kawu. In wani abu ya taho, mu uku ma iya kama dutse mu hau. Shi fa? Amma tunani na biyu, wanda ya fi na farkon ƙarfi, kuma har yau ina jin kunyarsa, shi ne: ni na kawo su, ni na yi sati uku ina cika baki, ni na yi wa Larabawan can dariya. Yanzu in ce a tashi, nama bai ko yi laushi ba?

Sai na yi abin da nake ganin dabara ce. Na ce, cikin dariya, "To jama'a, ga hadari can. Ina fata dai babu matsoraci a cikinmu?"

Mai mota ya yi saurin cusa wayarsa a aljihu. "Tsoro? La, la, ya Amir. Mafi mushkila, babu matsala. Ni ɗan ƙasar nan ne."

Abokina ya kalli ƙasa ya ce, "Yadda kuka ce."

Kawu ya ce, "Amir ya zaɓi wuri, mu kuma mun zauna."

Kun ji fa. Na tambaya, an ba ni amsa, kowa lafiya. Sai ma na ji kunyar kaina, na ce ashe ni kaɗai ne rago, ga tsoho mai ciwon gwiwa ko a jikinsa. Na koma na zauna.

Wata iska mai sanyi ta fara gangarowa ta cikin kwarin. Birai da suka taru a kan duwatsu suna jiran mu juya baya su saci dabino, na duba na ga babu ko ɗaya. Wata 'yar tsakuwa ta gangaro daga dutsen hagu, ƙas, ƙas, ƙas, ta tsaya kusa da tayar mota. Dukkanmu mun ji, dukkanmu muka yi kamar ba mu ji ba. Abokina ya matsa da mazauninsa, ya juya ya fuskanci dutsen. Kawu kuwa ya ɗauki buta ya ɗingisa gefe ya yi alwala, alhali La'asar da saura, ya zo ya yi raka'a biyu. Har na tsokane shi, na ce, "Kawu, gahwar ce ta karya alwalar tun yanzu?" Ya yi murmushi kawai.

Aka yi wata tsawa can nesa, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. A nan na san ba zan iya ci gaba da zama ba, kuma ba zan iya buɗe baki in ce tsoro nake ji ba. Ina kallon farantin ƙwallayen dabino, sai wata dabara ta zo mini, kuma ina so ku sani ba hikima ce ta kawo ta ba, tsabar ragwantaka ce.

Na cire hulata na kifa ta a buɗe, na rufa mata tawul. Na ce, "Kawu, shugaba ba ya yanke hukunci sai da shawara, ko ba haka ba?"

Ya ce, "Haka ne, wannan ma addini ne."

"To kowa ya ɗauki ƙwallon dabino ɗaya da tsakuwa ɗaya. Ka sa hannu ƙarƙashin tawul ka saki ɗaya. Tsakuwa, a zauna. Ƙwallo, a tashi. Ko ƙwallo ɗaya aka samu, mun tashi, kuma ba a tambayar na wane ne."

Lissafina shi ne, ni zan jefa ƙwallo, a buɗe a ga tsakuwa uku da ƙwallo ɗaya, in ɓata rai in ce kash, wani ya ɓata mana rana. Kuma na san wanda kowa zai zarga: ɗan hutu. Allah Ya yafe mini, har na shirya irin kallon da zan yi masa.

Kowa ya sa hannu ya fitar, fuska a ɗaure kamar masu zaɓen gwamna. Na yaye tawul, na juye hular a kan darduma.

Ƙwallon dabino huɗu. Ko tsakuwa ɗaya babu.

Muka tsaya muna kallonsu. Kawu ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki, sai duk muka kama. Amma dariyar ba ta yi tsawo ba, don abokina, mutumin da ba ya magana, ya miƙe tsaye ya daka mana tsawa.

"Ku bar dariyar ga, ku tashi! Tun da munka iso nike kallon dutsen can. Ku dubi manyan duwatsun da ke ƙasa, cikinsu fari ne, ba su daɗe da faɗowa ba. Ga ruwa can na tsattsafowa ta tsaga. Wurin aikinmu in munka ga haka, ko injin ba a bari a ƙasa, balle mutum!"

Mai mota ya zaro wayarsa yana nuna mana. "Wallahi tun muna Arfa saƙon hukuma ya shigo, tahzir, gargaɗi, a nisanci kwari, akwai sel, wato ambaliya. Na ce in na faɗa za ku ce ɗan hutu ya fara. Yalla, yalla, kawu, shiga gaba!"

Ban taɓa ganin an naɗe zango da sauri irin haka ba. Ni da abokina muka ɗaga kawu cak muka sa shi a gaban mota, yana cewa mu bi a hankali shi ba buhun gero ba ne. Aka kashe risho aka jefa a baya. Tukunyar kabsa, da shinkafa ta fara tsotse ruwa, mai mota ya ce ko sama za ta faɗo ba za a bar ta ba. Haka Amir guda ya zauna a bayan a-kori-kura, ya rungume tukunya mai zafi da tawul, romo yana fallatso masa a farar rigar Juma'a duk lokacin da aka faɗa rami. Darduma da butar kawu muka manta da su a gindin bishiya.

Mun hau titi lafiya, muka tsaya kusa da Larabawan nan da na yi wa dariya. Daga nan ana hango bishiyarmu can ƙasa, da jar dardumar a shimfiɗe. Minti goma, babu abin da ya faru. Minti ashirin, rana na nan tarwai. Sai na fara jin mun yi abin kunya, manya huɗu sun gudu daga inuwa saboda hadarin da ke wani gari. Kun san ɗan Adam. Har na ce, "Bari mu koma da mota mu ɗauko dardumar nan, ai ba nisa."

Kawu ya miƙo hannu ya ce, "Kawo hular."

Bai kai ga karɓa ba muka ji ƙarar. Da farko kamar jirgi can nesa, sannan kamar tifa goma suna juye dutse lokaci ɗaya. Ruwa ya ɓullo ta kwanar kwarin, kuma ban ma so in kira shi ruwa ba, don laka ce ja mai kauri, tana tafe da itatuwa da duwatsu tana mirgina su. Ta daki gindin dutsen hagu, wanda abokina ya yi ta kallo. Gefen dutsen ya yi kamar yana tunani, sannan ya zaftaro gaba ɗaya. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, babu bishiya, babu darduma, babu farin yashi. Hanyar da muka bi muka fito, wadda na ce a koma ta ita, ta zama kogi.

Na zauna a kan tsakuwa. Kowa sai salati yake yi. Na juya na kalli kawu, na ce, "Kawu, kai me ka gani?"

Ya ce, "Ni ban gani ba, ji na yi. Iskar nan da ta taho da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na taɓa jin irinta shekarun da na zo, kuma na ga abin da ya biyo bayanta."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ni da bakina na ce ba a yi wa Amir gardama. In tashi in kunyata ɗan 'yar'uwata a gaban abokansa, ranar farko da aka ba shi girma?" Ya gyara carbinsa. "Shi ya sa na sake alwala. Na ce in ta zo, ta same ni da tsarki."

Na daɗe ban ji magana ta dake ni kamar wannan ba. Ashe lokacin da nake tsokanarsa da gahwa, shi shirin mutuwa yake yi, don kada in ji kunya. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Shi kuwa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Amir, kuka ba naka ba ne. Butata dai za ka biya."

Dattijon Larabawan nan ya zo ya yi mana barka, ya ce tun da ya ga mun gangara yake ɗaga mana hannu yana kira, mu kuma muka ɗaga masa muka wuce, mun ɗauka gaisuwa ce. Suka ba mu gefen shimfiɗarsu, muka yi La'asar tare, mai mota ya sake kunna risho. Kabsar ta fito rabi ta caɓe rabi da gari a ciki, amma da na barbaɗa mata yajin gida, har dattijon sai da ya ƙara, yana tari yana share ido yana cewa tamam. Kafin Isha muna Mansur.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Abin da ya fi ba ni mamaki, a cikinmu babu jahili. Ɗaya ya san dutse, ɗaya yana da saƙon gargaɗi a aljihu, ɗaya ya san iskar, ni na ga shaidar ruwa a kan bishiya. Da an haɗa abin da muka sani tun minti biyar na farko, ko risho ba za mu sauke ba. Amma abokina yana ganin shi baƙo ne, ba zai yi wa 'yan gari iyayi ba. Mai mota yana gudun a ce masa ɗan hutu. Kawu yana yi mini kara. Ni kuma ina gadin hula. Kowa ya kalli fuskar ɗan'uwansa ya ga ba ta nuna komai ba, sai ya ce ashe lafiya. Kunya da kara da aka tarbiyyantar da mu a kansu, waɗanda nake alfahari da su har gobe, su suka zaunar da mu a bakin kabari muna shan gahwa. Kuma laifi mafi girma nawa ne, don tambayar da na yi ba tambaya ba ce. Wa zai ɗaga hannu ya ce shi ne matsoracin?

Daga baya, da na zama mai kula da 'yan ma'aikata a wurin gini, ban ƙara tambayar ko akwai mai tsoro ba. Sai in ce kowa ya faɗi abin da ya gani, kuma daga wanda ya fi kowa sabunta nake farawa, ni ne na ƙarshe. In mutum ɗaya ya ce bai yarda da tsani ko wata waya ba, an tsaya, ko da a ƙarshe za a ga babu komai. Sau da yawa kuwa babu komai ɗin, a yi ta yi mini tsiya. Ba ya damuna.

Mahaifiyata ba ta ji labarin ba sai bayan shekara biyu, da muka je hutu Kano ni da kawu. Shi ya ba da shi a tsakar gida, ya ƙara masa gishiri, ya kwaikwayi yadda na rungume tukunya, kowa yana ta dariya. Ita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ƙaninta, sannan ta juyo gare ni.

"Hular tana nan?"

Na ce tana cikin jaka.

"Ɗauko mini."

Na ɗauko na ba ta. Ta juya ta, ta leƙa cikinta, ta shafa, sannan ta tashi ta rataye ta a ƙusar da ke saman gadonta. Ta ce, "Nan za ta zauna. Ku huɗu kuka fita da gemunanku, ita kaɗai ta dawo mini da ƙanina."

Har yau tana nan a rataye, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin cewa a ba ni kayata ba.